Tabarmar Surukina a Ƙofar Banɗaki

Shekarun baya, da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka kwaso mu ma'aikata daga Kano zuwa Dutse, gidan haya ya yi wuya har wasu a ofis suke kwana. Ni kuwa iyayen matata 'yan garin ne, sai surukina ya ba mu ɗaki a gidansa kafin mu samu wuri. Na ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe.

Banɗakin gidan ɗaya ne tal. Da an dawo sallar asuba, Baba zai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke dab da ƙofarsa, ya kunna rediyo. Ni kuma cikina da ƙa'ida, ina shan koko zai motsa. To, ni ɗan Fulani in ɗauki buta in gifta ta gaban surukina? Ina! Sai in matse, in yi ta zufa har abin ya lafa, in tafi aiki ina jin na yi bajinta.

Sannu a hankali cikin ya daina kira, sai in kwana huɗu ban zaga ba. Ranar da na samu na shiga, na yi ta yunƙuri har na ga jini. Wallahi na tsorata, don ciwon ciki ne ajalin mahaifina, na ce shi ke nan nawa ya zo.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Jahun wurin abokina, malamin asibiti ne. Ya duba ni, ya ce 'yar tsagewa ce, in kwantar da hankalina. Ya ce idan mutum ya ci abinci, babban hanji yakan matsa ya turo bayan gida ƙasa. A dubura kuma ƙofa biyu ce: ta ciki da kanta take saki, ta waje ce a hannun mutum. Idan ya riƙe, kiran zai wuce, hanji ya yi ta tsotse ruwan har abin ya ƙandare. Ya haɗa ni da magani, ya ce in dage da ruwa da zogale.

"Amma babban maganin, da cikin ya kira ka amsa," in ji shi.

Da na dawo na daure na faɗa wa matata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Ai Baba ma jira yake ka fita aiki. Tun da muka zo bai taɓa shiga kana gidan ba."

Ashe mu biyu muke ta gadin juna kullum safiya.

Ban san me ta faɗa wa mahaifiyarta ba, amma a satin Baba ya sa aka haƙa wani banɗakin a bayan zaure, ya ce na baƙi ne. Cikin wata guda na warke sarai.

Har yau ina ganin girman kunya, amma na gane jiki bai san suruki ba, kuma in ya kira ba na cewa ya jira. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara da Baba kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ko sau ɗaya, daga ni har shi, babu wanda ya taɓa ɗaga maganar.