Launin da Na Zuƙe wa Sadiya

Jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba. Ban saba rubutu a nan ba, nakan karanta ne kawai in wuce, amma yau ku taimaka min.

A ajinmu na aikin jarida, bidiyo ɗaya Malam zai zaɓa a nuna a taron sashe, kuma abin ya rage tsakanina da Sadiya, wadda muke ɗaki ɗaya. Ni nakan wuni ina gyaran launi, har sai fatar mutum ta fito yadda Allah Ya yi ta. Ita kuwa filta ɗaya take dannawa, kowa ya koma ja kamar manja, ta fitar da bidiyon marar nauyi, ya buɗe a wayar kowa, a yi ta yabonta. Nawa sai a ce yana cin data.

A mafarkin ga ni a ɗakin kwamfuta, amma babu rufi, ƙasan kuma duk yashi ne. Sadiya tana cikin allon kwamfutar, sanye da atamfar da na taɓa ara mata, tana dariya. Mutane sun cika tagogi suna kallonta. Na kama ɗan layin nan na ƙarfin launi, na ja shi baya a hankali. Atamfar ta koɗe. Na ƙara ja, lallen hannunta ya tafi. Na rage ɗumin hoton har leɓenta ya yi toka-toka. Kuma, Allah Ya yafe min, daɗi nake ji.

Ta ce, "Ƙawas, ke ce?"

Sai kawai launin da na zuƙe ya fara zubowa ta ƙasan kwamfutar, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya jiƙa min zani sharkaf. Na waiga tagogi, har yanzu ita ake kallo. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Kai, yarinyar nan ko ba kala ta yi kyau."

Sai kawai ga mu a bakin wata 'yar ƙaramar ƙofa, wai ta nan ake fitar da bidiyo. Wata murya mai kama da ta Malam ta ce, "Mai nauyi ko marar nauyi?" Sadiya ta shige sumul kamar takarda. Ni na zaɓi mafi inganci, kamar kullum. Na duba girman hoto, na duba sauti, na sake dubawa. Nan take jikina ya yi nauyi kamar buhun siminti. Koren layin nan mai nuna fitar bidiyo ya taho, ya taho, saura ƙiris ya cika, ya tsaya cak. Ina jin tafi daga ciki. Na yi ta kiran Malam.

Kiran sallar asuba ne ya tashe ni. Ina sallamewa, sai ga Sadiya a bakin katifata da kwamfutarta. Ta ce, "Ƙawas, don Allah fuskokin nan sun ƙi ni, jan ya yi yawa. Ke kaɗai kika iya. Gyara min kafin mu miƙa wa Malam."

Kwamfutar tana gabana yanzu, yatsana a kan wannan layin na ƙarfin launi, ban ja gaba ba, ban ja baya ba. Masu sani, gargaɗi aka yi min ne, ko kuwa abin da ke zuciyata aka nuna min?