Mai Kankare Tambari

A kwarin Joux mai yawan ƙanƙara, mazaunin maƙera agogo, in ka miƙa wa mutum agogo, ba ya duban fuskar agogon. Juya shi zai yi ya buɗe bayan. Léonie Golay ma haka ta tashi ta ga ana yi.

Tun tana budurwa take aiki a masana'antar garinsu, inda ake ƙera injin agogon auna tsere, mai maɓallin tashi da na tsayawa. Inji iri ɗaya ne tun zamanin kakanni. Manyan gidajen agogo na Geneva su saya, kowa ya buga sunansa, ya rantse a ɗakinsa aka haife shi. Aikin Léonie shi ne ta sa magagari ta kankare tambarin masana'antar, hoton 'yar ƙaramar bishiya, kafin a tura. Aikin nan ƙyamarsa take, har bakinta kan yi ɗaci.

"Uwa ɗaya, ubanni goma," takan ce wa Odile, maƙwabciyar teburinta. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"To bari mana, hajiyar tsabta."

"In ci me? Ƙanƙara?"

Burinta ɗaya ne tak, ta mallaki agogo guda da bishiyarsu a cikinsa. Amma kowane inji yana da mai shi tun kafin a haɗa shi.

Ranar da ta ajiye aiki aka narka cuku a tukunya don a ci da burodi, aka kewaye tukunyar. Manaja ya zuba jawabi har burodi ya bushe, sannan ya miƙo mata akwati.

"Madam Golay, ba mu yi rowa ba. Na babban gida ne, daga Geneva."

Aka tafa. Ita kuwa ta juya shi, ta ɓalle murfin, ta maƙala gilashin ƙara girma a ido. Injinsu ne. Inda bishiya take a da ya yi sumul, da ɗan karkacen da magagarinta kan bari. Tir! Mutanen nan ko kunya ba su ji ba.

"Ya yi ko?" in ji manaja, yana washe baki. "Irin wannan ba kowa ke iya yin sa ba."

Ta mayar da murfin, ta tura wa Odile agogon.

"Riƙe, ki ba mijinki. Ni na gaji da ganin aikina."