Saƙon da Inna Ungozoma Ta Bar Mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga wata, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu Inna Ungozoma, bayan jinyar wata biyu. Ina gefen gadonta, da baƙin mai a farcena, don daga gareji na taho.

Inna, ni ba marubuci ba ne. A aji huɗu na bar makaranta, sauran karatun a jikin tsofaffin jaridu na tsince shi. Ke kika fara miƙo mini littafi mai bango, ranar da na zo gyara miki injin ruwa. Kika ce, "Wanke hannunka tukuna, ɗan banza, wannan ba giya-bos ɗin mota ba ne."

Labarin wani tsohon yaƙi ne, da mata biyu da aka ƙone wa gari rana ɗaya. Ɗaya ta tarar da sojan abokan gaba yana nishi a bakin rijiya, ta ba shi ruwa. Ɗayar ta yi shekara ashirin tana bin sawun kwamandan da ya ƙone garin, da wuƙa a ƙugunta. Da idonki ya yi rauni, ni nake karanta miki shi bayan la'asar, kuma kullum sai mun yi faɗa. Ina cewa mai ruwan nan sakarya ce. Kina cewa, "Ji mai wuƙa! Kai da ko kaza aka ba ka yanka sai ka ce hannunka na ciwo."

Rabin unguwar nan a hannunki suka faɗo duniya. Matar mai shago ta ba da labari jiya, tana kuka, yadda da ta haihu kika kwana uku a ɗakinta kina gasa mata jiki kina wanke mata zannuwa, mijinta ya yi tafiya. Wannan kukan na yarda da shi.

Akwai wanda ban yarda da nasa ba. Shekara goma sha tara da suka wuce wata mata ta rasu wajen haihuwa a asibitin da kike aiki. Likitan da ya kamata ya duba ta ba ya nan. Da aka zo bincike, shi ya sa hannu a takardar da ta ɗora miki laifin, aka kore ki da farar rigarki a leda. Tun daga ranar bai taka ƙofarki ba. Sai ga shi ranar uku da doguwar mota, ya zauna a tabarmar gaba, yana share ido da hankici mai guga. Ya ja ni gefe. "Samari, an ce kai ne a wurinta. Ta ambace ni?"

Na ce, "Ta ambaci Allah dai, Likita."

Sau uku yana aiko mini. Me ya tashe shi yanzu? Na ji ana cewa za a sa wa sabon ɗakin haihuwa sunansa. Shin tsoron Allah ne ya kama shi, ko so yake ya tabbata bakin da zai iya tona shi ya rufu? Ban sani ba, kuma ban yi masa kyakkyawan zato ba.

Gaskiyar ita ce kin ambace shi. Kin kama hannuna kin ce, "Ka gaya wa Likita na yafe." Kwana tara ke nan ina riƙe da maganar. Har ke na zarga, Inna. Na ce zazzaɓi ne ya yi magana. Na ce irin haƙurin nan ne da ake ɗora wa mata har su manta an cuce su.

Shekaranjiya 'yarki ta ba ni tsohon kwafinki na littafin, ba wanda nake karanta miki ba. Na buɗe, na ga layukan da kika ja da fensir tun idonki na gani. Babu ko ɗaya ƙarƙashin maganar mai ruwa. Duk inda mai wuƙa ta buɗe baki, kin ja layi, wani wurin har fensirin ya huda takarda. Ashe ba ki manta da komai ba. Kin san nauyin abin da kika ajiye, ni ne ban sani ba. Kuma haƙƙin naki ne, ba ni da ikon riƙe shi.

To, Likita, na san za a kai maka wannan. Ta ce ta yafe maka. Na isar. Ita ta yafe, ni ban ce komai ba. Iyalan matar da ta rasu kuwa suna nan da ransu, kuma ba su aiko ni ba.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya yafe miki fiye da yadda kika yafe, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki, da jikokinki, da ƙannenki, da duk uwar da kika riƙe wa hannu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.