Tsugunon Yayata

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na kusa da Suki, ni da yayata, hazo bai ɗaga daga kan kogi ba. Inna ta rako mu bakin ƙofa. Takardar likitan Sinnar na aljihuna: zuciyar Yaya na da lahani tun haihuwa, aikin sai Khartum.

Kafin mu kai tasha, Yaya ta tsuguna sau huɗu. Haka take tun muna yara, taku kaɗan sai ta tsuguna ta gaida wanda ke kusa. Shekara talatin da 'yan kai, matan ƙauye na yi wa 'ya'yansu misali da ladabinta.

Bas ɗinmu ya bi ta kan madatsar Sinnar, ruwa shimfiɗe fari fat, ba a ganin ƙarshensa. Daga nan sai gonakin audugar Jazira, magudanan ruwa miƙaƙƙu, balbelu tsaye kamar masu barci. Yaya ta jingina kai da gilashi, leɓunanta shuɗi-shuɗi kamar kullum, tana zaɓen gonar da za ta saya in ta warke. A Madani muka ci ful, dafaffen wakensu, da gurasa. Da ta ji kuɗin shayi ta ce, "Ƙanena, halan da madarar Aljanna sunka haɗa shi?"

A mustashfa, wato asibitin Khartum, likita ya nuna mana hoton zuciyar: huda a tsakanin ɗakunanta biyu, hanyar jini zuwa huhu kuma ta tsuke. Za a toshe ɗaya a buɗe ɗaya, a aiki guda. Tana saukowa daga gadon awo ta tsuguna gabansa. Ya tambaye ni da Larabci tun yaushe take haka. Na ce tarbiyyar gidanmu ce. Sai ya ce tsugunon ne ke tura jini zuwa huhunta, kuma da an gane tana ƙarama, da aikin ya fi sauƙi.

"Ashe numfashi nika nema," in ji ta tana dariya. "Kada ka hwaɗa ma Inna."

An yi aikin. Zuciyar ta daɗe cikin wahala, ba ta jure ba. Kwana uku Yaya ta yi. A can muka yi mata sutura.

Na dawo ta hanyar da muka bi, jakarta a cinyata. Gonar da ta zaɓa na nan, an fara tsinkar auduga. Abin da na koyo shi ne in tambayi mutum lafiyarsa kafin in yabi halinsa. A tsakar gida na tarar da mata 'yan ta'aziyya suna ta faɗin ladabinta, Inna na gyaɗa kai. Na tsuguna gabanta, ban faɗa ba.