Saniyar Mutawakkil Mai Ƙafa Biyar

Mutawakkil mutumin Tambuwal ne, can aka yanke masa cibiya, amma aiki ya kai shi Kebbe, inda ya shekara goma sha ɗaya yana akawu a wani ɗan asibitin dabbobi mai ɗaki biyu. Dogo ne siriri, mai yawan cewa "afuwan" ko da shi aka taka wa ƙafa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya dubi agogo sau biyu kafin ya amsa, sannan ya ce maka amma fa ka ƙara tambayar wani.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, mutumin nan yana zane. Tun yana aji uku na firamare hannunsa ke ƙaiƙayi. Wata rana malaminsu ya ce kowa ya zana wani abu na gidansu, Mutawakkil ya duƙufa ya zana zakaran mahaifiyarsa, har da zankonsa. Malam ya duba, ya gyaɗa kai, ya ba shi takwas cikin goma, ya rubuta a ƙasa da jan biro: "Buta mai kyau." Daga ranar bai ƙara nuna wa ɗan Adam zanensa ba. Bai kuma daina ba. A ofis, in aiki ya lafa, sai ya juya bayan tsofaffin takardu ya zana duk abin da ke gabansa: akuya a bakin taga, mai shayin tsallaken hanya, tsohon babur ɗinsa. Da yamma ya ninke su cikin aljihu, ya kai gida, ya cusa cikin wani kwali a ƙarƙashin gado.

Matarsa Zulaihat tana tuyar ƙosai da safe, ana zuwa saye har zaure. Wata safiya takardun ƙulli suka ƙare mata, ga masu saye sun yi layi. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ga kwali cike da takardu, ta ce Allah ya kawo. Sati uku zanen Mutawakkil na yawo cikin garin Kebbe, jiƙe da man gyaɗa, shi bai sani ba.

Cikin masu sayen akwai shugabansa, Malam Uthman, malamin dabbobi, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya. Ran nan ya baje ƙosansa a kan tebur, ya ci, ya ci, sai ya ga wani mutum yana fitowa daga ƙarƙashin ƙosan: zaune a kujera, ya yi barci, baki buɗe, hula ta zamo har kan hanci, ga ƙuda ya sauka a leɓe. Ya dubi hular da kyau. Tasa ce.

"Mutawakkil!"

"Na'am, Yallaɓai."

"Mi nika gani nan?"

Mutawakkil ya leƙa. "Ƙosai ne, Yallaɓai."

"Ba ƙosan nika tambaya ba. Mutumin da ke ƙarƙashinai."

Mutawakkil ya fara jera afuwan, yana lissafa a zuci inda zai nemi wani aikin. Sai ya ji teburin na girgiza. Malam Uthman dariya yake yi, har ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa.

"Haka nika buɗe baki?"

"Wani lokaci ya fi haka, Yallaɓai. Afuwan."

Malam Uthman ya share hawaye. Ya ce daman yana cikin damuwa. Lokacin rigakafin shanu ya matso, yawancin makiyaya kuwa ba sa karanta boko, sanarwar da ake mannawa awaki ne kawai ke amfana da ita. Yana son a zana saniya ƙatuwa a bangon asibitin, wanda ke kallon hanyar kasuwa, da allura kusa da ita, yadda ko daga kan babur za a gane.

"Yallaɓai, ban iya ba."

"Wanda ya zana ƙudan ga ya iya. Gobe ka tafi Tambuwal ka sawo fenti."

Mutawakkil bai tafi Tambuwal kai tsaye ba. Sai da ya biya wajen wani malami na unguwarsu, yana fatan a ce masa zanen abu mai rai bai halatta ba, ya sami mafaka. Malamin ya saurare shi, ya ce malamai sun yi maganganu da yawa a kan wannan, amma shi a ganinsa, tun da don a wayar wa mutane kai ne kan lafiyar dukiyarsu, ya je ya yi. Ya ƙara da cewa in farin fenti ya ragu, ƙofar makarantarsa na bukata. Mutawakkil ya fito, ya kama hanyar Tambuwal.

Ya sawo gwangwani huɗu, ya ɗaure a bayan babur. Wanda ya san hanyar ya san abin da take yi wa kaya. Wani rami ya ɓalle murfin jan fenti, ya malalo masa tun daga ƙugu har takalmi, shi kuwa yana can yana tunanin ƙahon saniya bai ji ba. Da ya shigo Kebbe sai ya ga ana tashi tsaye ana salati. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Mutum biyu suka tare shi za su kai shi asibitin mutane, yana cewa fenti ne, suna cewa ya yi shiru, kada ya galabaita kansa.

Washegari ya tsaya gaban bango da buroshi. Bangon ya yi masa faɗi kamar fadama. Ya ce bari dai ya fara shafa fari. Ya shafa. Kashegari ya ga kamar farin bai kama ba, ya ƙara. Rana ta uku ya sake. Mai shayin tsallake, wanda ya zuba masa ido tun ranar farko, ya ɗaga murya:

"Malam akawu, ashe nonon kaka fara zanawa kafin ka zo ga saniyar?"

A rana ta huɗu Malam Uthman ya kulle farin fenti cikin kabad, ya sa mabuɗin a aljihu. Ba yadda Mutawakkil ya iya. Ya yi bisimilla, ya tsoma buroshi cikin ja, ya runtse ido ɗaya, ya ja layi. Daga nan bai ƙara waiwayowa ba sai la'asar.

Ranar kasuwa ce. Da ya sauko daga kan benci ya juyo, sai ya ga mutane sun cika hanya. Gardama ake yi. Wani ya ce jaki ne. Wani ya ce raƙumi ne da bai gama girma ba. Wani ɗan acaɓa ya rantse ya taɓa ganin irinta a mafarki, lokacin da ya yi zazzaɓi. Can sai wata dattijuwar Bafillatana mai tallan nono, ana ce mata Marka, ta kutso, ta sauke ƙwaryarta, ta tsaya tana kallo.

"Sannu da aiki, malam. Wagga dabba, wane daji taka kiwo?"

"Saniya ce, Inna."

Marka ta matsa, ta miƙa yatsa. "Ɗaya, biyu, ukku, fuɗu... biyar."

"Ta biyar ɗin wutsiya ce."

"To mi ya sa taka tafiya da ita?"

Wurin ya kece da dariya. Marka ba ta yi ba. Ta dubi Mutawakkil daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai ba ka taɓa kallon nagge ba. Namanta kas sani. Ka zo rugarmu, kusa da Fakku, ka ga yadda Allah ya yi ta." Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Ran nan Mutawakkil ya kasa cin tuwo. Ya ce wa Zulaihat zai nemi a mai da shi wani gari mai nisa, inda babu bango.

"Baban Anisa," in ji ta, don da sunan 'yarsu take kiransa, "mutum nawa sunka tsaya kallo?"

"Sun kai hamsin."

"Shekara goma sha ɗaya kana ofishin nan. Mutum nawa sunka taɓa tsayawa kallon aikinka?"

Ya yi lissafi. Ya tarar ko shugabansa bai cika dubawa ba. Ya jawo kwanon.

Ranar Asabar ya hau babur ya nufi Fakku. Ƙanen Marka, Abdulkarimu, mai garken, ya tarbe shi da ƙwaryar kindirmo, ya ba shi turmi ya kife ya zauna a tsakiyar shanu. Mutawakkil ya buɗe littafinsa, ya zaɓi wata jar saniya mai karyayyen ƙaho, ya fara. Ita ma ta zo ganin aikin. Ta sunkuyo, ta shinshina, ta naɗe shafi uku da harshe ta haɗiye. Yana ƙoƙarin ƙwatar saura sai bijimin garken ya ga kamar ana cin zarafin iyalinsa. Mutawakkil bai san yana iya hawan itace ba sai ranar, itacen kuwa aduwa ce. Abdulkarimu ya ɗauki lokaci kafin ya kore bijimin, don dariya ta hana shi tsayuwa, ya kuma ɗauki wani lokacin yana cire masa ƙaya.

Amma da aka natsa, Abdulkarimu ya kama hannunsa ya ɗora a jikin jar saniyar. Ya bi da shi kan tozo, ya gangaro gadon baya, ya nuna masa inda ƙashin ƙugu ke tasowa, da yadda ƙafar baya ke lanƙwasa ba irin ta gaba ba. "Kada ka zana wadda ke cikin kanka," in ji shi. "Wadda ke cikin kanka ba ta da lafiya. Ga wagga nan, dube ta." Asabar huɗu Mutawakkil na zuwa. A ta huɗun Marka ta karɓi littafin, ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "To, wagga ana iya tatsa."

Ya koma bango zai shafe saniyar farko, Malam Uthman ya hana. Ya ce a bar ta inda take, a zana sabuwar kusa da ita, a ƙarƙashin tsohuwar a rubuta da boko da ajami: "Wadda ba a yi wa rigakafi ba."

Hannun Mutawakkil bai daina rawa ba da ya sake hawa bencin. Sai ya lura rawar na fitar da ciyawa da kyau, ya fara daga ciyawar. Makiyaya suka taru a bayansa, kowa na ba da umarni. A ƙara tozo. A rage tozo. Wa ya ce a rage? A da, da ya bi kowa har ya rasa inda yake. Wannan karon ya ce "to" ga kowa, ya ci gaba da zana jar saniyar da ya sani.

Da ya gama, Abdulkarimu ya zo kasuwa, ya tsaya gaban bangon, ya daɗe. Sai ya ɓata rai.

"Malam, ka ja min. Wagga tawa ta, kowa ya gane ta. Yanzu duk mai wucewa sai ya yaba, baki ya kama min ita."

Aka sasanta a kan Mutawakkil ya rubuta "Masha Allah" da manyan baƙaƙe a saman ƙahon. Rigakafin shekarar ya yi jama'a har allura ta ƙare aka aiko da wata, don ba wanda ke son tasa ta fito da ƙafa ta biyar. Sai kuma wata rigimar ta taso: kowane mai garke na son a sa tasa saniyar a bango, ai ba Abdulkarimu kaɗai ke da shanu ba. Kafin watan ya fita bangon ya cika, an zagaya baya, har an fara cin katangar maƙwabci.

Yau Mutawakkil na nan yana akawunsa, amma Asabar da Lahadi ba a samunsa gida. Shagon aski a Tambuwal, allon mai gyaran babur, ɗakin awon ciki, duk hannunsa ne. Har yanzu duk wanda ya kawo masa aiki, abin da yake fara ji shi ne, "Kai, anya zan iya?" Waɗanda suka san shi ba sa amsawa, don yana faɗa ne yana buɗe gwangwani.

Bara wata makarantar firamare a Sanyinna ta kira shi ya zana haruffa a bango, kowane harafi da abinsa. Da aka zo kan G, hedimasta ya ce giwa yake so. Mutawakkil ya duba hotonta a waya, ya kwana biyu yana juyayi, sannan ya hau benci ya yi ta. Yana wanke buroshi sai wani tsoho mai sanda ya tsaya, ya ƙura mata ido, ya girgiza kai.

"Kunnuwan sun yi yawa."

Mutawakkil ya ji "afuwan" ta taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye ta.

"Baba, ka taɓa ganin giwa?"

"A'a."

"Ni ma haka. Mu bar ta yadda take, har mai ita ya zo."

Tsohon ya yi tunani, ya ga maganar ta yi, ya nemi wuri a inuwa ya zauna, don ya ga abin da za a zana wa H.