Kafintan da Ya Fere Fiffiken Marut

Mahaifina Cheluvachar kafinta ne, ɗan kafinta. Ƙofofi da amalanken shanu yake yi a ƙauyenmu, kafin masana'antar jiragen sama ta Bangalore ta ɗauke shi aiki.

A lokacin ana zana jirgin yaƙin da daga baya aka sa wa suna Marut. Injiniyoyi suka ce sai an fara ƙera shi da katako, daidai girmansa, ba inji, a gwada ko siffar za ta zauna a iska. Fiffiken hagu ya faɗo hannun Baba. Wata da watanni yana ferewa, ya rufe ido ya bi shi da tafin hannu, yana laluben tudun da awo bai nuna ba.

Idan ya dawo gida, Inna takan ajiye masa tuwon tamba ta ce, "Maigida, ƙofar kicin ɗina ta shekara a karkace, kai kana can kana yi wa gwamnati tsuntsu."

"Ƙofarki ba tashi za ta yi ba, ta jira," in ji shi.

Ranar gwaji wani jirgi ya ja jirgin katakon da igiya, ya sake shi can sama. Baba ya ce bai taɓa ganin abu mai girma haka yana tafiya shiru ba.

Da aka koma ƙera jirgin da ƙarfe, sai aka mai da kafintoci sashen akwatunan kaya. Marut ya tashi, ya je yaƙi, ya tsufa, Baba na jin ruguginsa daga cikin rumfar akwatuna. Injin da ya dace da jikinsa bai taɓa samuwa ba, wannan kuwa ya dami Baba kamar ciwon ɗansa.

Bayan ya bar aiki, idonsa ya fara dushewa, na kai shi gidan tarihi inda aka ajiye Marut guda. Mai gadi ya ga yadda yake tsaye, ya ɗage masa igiyar da aka kewaye jirgin da ita ya ce, "Kaka, yi sauri."

Baba ya shafa fiffiken tun daga tushe har baki. Ya daɗe.

"Sun bi layina," ya ce, sannan ya juya wajen mai gadin. "Ɗana, na katakon fa, ina yake?"

Mai gadin bai ma san an yi shi ba.

Wasiƙa huɗu na rubuta a madadinsa zuwa ofisoshi, ina tambayar inda na katakon yake. Har ya rasu, in mai kawo wasiƙa ya wuce ƙofarmu, sai ya kira ni ya ce in leƙa.