Baba da Kogin da Ba Ya Ƙafewa

Shekarar da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, ina aikin sakatariya a biro, wato ofis, na wani porje, shirin noman rani, a Diffa. Aikina buga takardu a ordinata, wato kwamfuta, da amsa talho, da gaya wa manoma cewa shef, shugaban biron, yana taro alhali yana barci. A duk biron ɗakina kaɗai ke da na'urar sanyi, kuma ba don ni aka sa ta ba, don injin ordinatar ne, wai idan ya ji zafi yana lalacewa. Ni dai na ci albarkacinsa, ban yi musu ba.

Baba bafatake ne tun yana saurayi. Daga Damagaram ya zo ya zauna a bakin kogin Kumadugu, ya yi ta fatauci da busasshen tattasai, da fari a kan jakuna, daga baya a kamyo, babbar motar kaya. Babu kasuwar da bai taka ba daga Gigimi har Maiduguri. Mutum ne da idan ya wuni a gida sai ya nemi wani da faɗa. Da hawan jini ya shanye masa ƙafafu bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba. Fuskarsa kawai ya juya bango, ya daina tambayar komi, har farashin tattasai. Wannan shirun ya fi kuka tayar mini da hankali.

Da safe yayana kan kai shi likita a gasa masa ƙafa, sai ya ajiye mini shi a biro ya wuce kasuwa. Lokacin nan ma'aikata na tashi da tsakar rana, kowa ya tafi gida sai bayan azahar. Mu biyu muke saura a ɗakin sanyi, shi a kan kujera yana kallon ƙasa, ni ina neman abin da zai hana ni fashewa da kuka.

A cikin injin akwai wani wasa da wani injiniya Bature ya bari da zai koma ƙasarsu. Wani ɗan mutum ne da bai wuce ƙwayar wake ba, da takobinsa, tsaye a bakin wani ƙauye. Duk abin da ke kewaye da shi baƙi ƙirin ne. Idan ka danna maɓalli ya taka, sai baƙin ya ja baya kaɗan, ka ga itace, ko hanya, ko rijiya. Mutanen ciki Faransanci suke yi, a rubuce. Ina cikin yawo da shi wata rana sai na ji murya a bayana.

"Uwata, wancan baƙin mi ne ne?"

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na ce, "Inda ba a je ba ne tukuna, Baba."

"To mi kike jira?"

Rabon da in ji ya yi tambaya har na manta. Na gyara masa kujera kusa da gilashin injin.

Daga ranar ya zama madugu, ni na zama jakar ayari. Shi ke faɗin inda za a bi, ni ke dannawa da fassara. Kuma tafiya da Baba ba tafiyar gaggawa ba ce. Duk wanda muka gamu da shi sai an tsaya an gaisa. Matsalar ita ce mutanen cikin wasan kowa magana ɗaya aka sa masa a baki. Akwai wani tsoho a bakin kasuwa, ko yaushe ka taɓa shi sai ya ce a kiyayi hanyar arewa. Da muka gaishe shi ya maimaita, muka sake ya maimaita, Baba ya girgiza kai ya ce wanga bawan Allah ba shi da lafiya, kuma ƴaƴansa ba su kyauta ba da suka bar shi a rana. Wata mata kuma kullum kyanwarta ta ɓata. Sai mu yi nisa, mun kusa wani gari, Baba ya ce a koma a ji ko an ga kyanwar.

Amma ya yaba wa wanda ya tsara ƙasar. Ya lura cewa duk sanda guzuri ya kusa ƙarewa sai ga rijiya ko zango. Ya lura da wata hasumiya da aka dasa can nesa a kan dutse, ana hango kanta kawai, don ranka ya yi ta biya maka zuwa. Ya lura cewa hanya mai kyau doguwa ce, gajerar kuma ta cikin dodanni ta ratsa. Ya ce ko wane ne ya yi wannan, ya taɓa fatauci, ko kuwa ubansa ya taɓa. Abin da bai gafarta masa ba shi ne kaya: ɗan mutumin nan na ɗauke da takubba, da garkuwa, da igiya, da tukunya, ba jaki ba amalanke, kuma bai taɓa cewa wash ba.

Shef ɗinmu, wani Bazabarme mai tumbi da aka turo daga yamma, ya kama mu wata rana da ya dawo ɗaukar tabaraunsa. Na miƙe ina haɗa ƙarya. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Baba, kar ku shiga ramin nan ba fitila." Ashe shi ma ya san wasan, a ɓoye yake yi. Tun daga nan ya rage zuwa gida cin abinci, ya riƙa jawo kujera yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Doka ɗaya Baba ya kafa tun farko: ba a shiga gidan mutane. Shi kuwa wasan an gina shi ne a kan shiga gidan mutane. Kowace ƙofa a buɗe take, ka shiga har ƙuryar ɗaki, ka buɗe akwati ka kwashe abin da ke ciki, mai gida na tsaye yana gaya maka a kiyayi hanyar arewa. Baba kan sa ni in tsayar da ɗan mutumin a bakin ƙofa, shi kuma ya ɗaga murya ya yi sallama. Idan ba a amsa ba, kuma ba a taɓa amsawa ba, sai ya ce mu wuce. Haka muka yi ta fama da dodanni da tsohon takobi, alhali sababbi na jibge a akwatunan mutane.

Duk da haka muka buɗe yamma, muka buɗe kudu, har hanyar arewar muka bi muka dawo da rai. Sai muka iso bakin wani kogi. Gabas gaba ɗaya tana hayinsa, baƙa ƙirin, ta fi duk inda muka taka faɗi. Ga jirgin fito a bakin ruwa an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Mutanen garin suka ce mai jirgin ya yi tafiya, makullin kuwa yana cikin akwati a ɗakinsa. Ga matarsa tsaye a tsakar gida.

"Baba, mai wasan da kansa ya ajiye makullin can don a shiga a ɗauka. Shi ya sa ƙofar take buɗe."

"Ƙofar gidana ma buɗe take. Kin ga wani ya shiga ɗakin uwarki ina can fatauci a Gaidam?"

Ya ce a nemo gora biyu manya da sanda, a ɗaura, a hau a ƙetare yadda ake yi a Kumadugu. Na zaga duk kasuwannin wasan, babu mai sayar da gora. Ya ce a jira mai jirgi ya dawo. Shef ya rantse masa cewa ba zai dawo ba, don ba a ma zana shi ba. Baba ya ce ba a yanke wa matafiyi ƙauna. Da jiran ya yi tsawo sai ya yi murmushi irin na wanda ya gano bakin zaren, ya ce ai mu ne wawaye. A bari rani ya yi. Kogi dai kogi ne, zai ƙafe, mu taka yashi mu wuce.

A wasan akwai maɓallin kwana. Ka danna, gilashi ya yi duhu, gari ya waye. Na zauna ina danna wa ɗan mutumin nan kwana a bakin ruwa har yatsana ya yi kanta. Baba na leƙawa yana cewa kamar ya ɗan ja baya. Bai ja ko'ina ba. Shuɗi ne shar, da ƴan igiyoyin ruwansa guda-guda suna rawa a wuri ɗaya.

Ana nan ranin gaskiya ya zo. Kumadugu ta janye ta bar ƴan tafkuna, yara na buga ƙwallo a tsakiyarta, amalanke na ƙetarawa hayin Najeriya da buhunan tattasai. Baba ya sa yayana ya biya da shi ta bakin kogin ya gani da idonsa, ya iso biro yana walƙiya, ya ce in kunna maza. Na kunna. Ruwa cike fal. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya janye yabon da ya yi. Mai wasan nan ɗan birni ne, bai taɓa ganin kogi ba sai a hoto.

A cikin wannan rikici takarda ta zo cewa porjen ya ƙare, kuma duk kayan biro za a mai da su Yamai, har da injin. A nan dariya ta ƙare mini. Na san abin da ke jiran Baba a gida: tabarma da bango. Ina so ko da sau ɗaya ya ga abin da ke hayin can kafin a ɗauke. Na lallaɓa, na yi fushi, na ce masa matar nan ba mutum ba ce, ɗigo-ɗigon haske ce, ko ɗankwalin kirki ba a zana mata ba. Ya ce ya kwana a garuruwan mutane tun ba a haife ni ba, kuma abin da ya sa ake sake karɓarsa shi ne bai taɓa ɗaga labulen da ba a ce ya ɗaga ba. Ba zai fara da tsufa ba, a gaban ɗiyarsa. Na fita waje na yi kukan haushi, na dawo na ba shi ruwa.

Ranar ƙarshe kamyo ya tsaya a ƙofar biro, masu loda suka kwashe tebura da kujeru. Saura injin da kujerar Baba. Ɗan mutumin na tsaye a ƙofar gidan mai jirgi. Shef ya share gumi ya ce, "Baba, ka ƙara sallama ɗaya mana, ko Allah ya sa ya dawo." Yana faɗa ya sulale ya fita, na ga inuwar tumbinsa ta tsaya a bayan ƙofa.

Baba ya gyara murya. "Salamu alaikum."

"Amin, wa alaikumus salam!" in ji ƙofa, da Hausar Zabarmawa. "Wa ke nan?"

Na toshe baki da gyale. Baba ko gezau.

"Baƙi ne. Mai gida ya dawo ke nan? Barka da hanya. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina iyali? Ina ruwa? Yaya ka baro mutanen can?"

Direban kamyo na ta matsa oda a waje, Baba kuwa sai da ya tambayi lafiyar yara da ta dabbobi, ya kuma yi wa mai gidan faɗa a kan barin mata ita kaɗai tsawon wannan lokaci. Shef ya ba da haƙuri. Daga ƙarshe ya ce, "Alhaji, ina wanka ne. Ku shiga, makulli yana cikin akwati, ku ɗauka, na yafe duniya da lahira."

Baba ya matso da bakinsa kusa da kunnena. "Na san muryar, ba yaro ba ne ni. Amma injin a hannunsa hukuma ta damƙa shi, da gidan da matar da akwatin. Tunda ya ce a shiga, alhakin na wuyansa. Shiga, Uwata. Ki gaida matar."

Na gaishe ta, ta ce mijinta ya yi tafiya, Baba ya ce kar in kula. A cikin akwatin akwai makulli da zobe da wasu takalma masu kyau. Makullin kaɗai ya bari na ɗauka. Muka kwance sarƙa, jirgi ya ratsa shuɗin ruwan nan da ya ci mana rai, ya tsaya a ɗaya gaɓar. Ɗan mutumin ya sauka a kan ciyawa. Gabansa babu komi sai duhu, iyakar gilashin.

Masu loda biyu suka shigo da kwali, ɗaya ya durƙusa ya kama wayar kuran, wato ta lantarki, yana jiran a ce ya zare. Shef ya fito daga bayan ƙofa yana kallon silin. Na kai hannu zan danna, sai Baba ya ture shi. Bai taɓa taɓa injin nan ba sai ranar. Ya lalubi maɓallin gabas da yatsansa, ya danna, ya riƙe. Itatuwa suka fara fitowa, sai wata hanya, sai gindin wani dutse.

"Tsoho, direba na jira fa," in ji mai riƙe da wayar.

Baba bai waiwaya ba.

"Ku ɗan dakata, samari," ya ce. "Ina tafiya."